Mai bindiga a gida, ga yadda za ka yi kada ta ci ɗanka ko ɗan wani

Duk sanda anka ce wani yaro ya shiga makaranta a Amurka ya buɗe wuta sai gardama ta tashi sabuwa fil. Su can tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, to ɓangare guda na cewa a tsaurara doka a rage bindigogi, ɗaya ɓangaren na cewa ai bindiga ba ta harba kanta, a bar mutanen kirki da kayansu. Mu nan Sakkwato tamu gardamar wani launi gare ta, don mu ɓarayin daji ne ke zuwa kan babura su kwashe yara, kamar yadda anka yi a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe da Birnin Yawuri a 2021, da almajiran tsangayar Gidan Bakuso a ƙaramar hukumar Gada a watan Maris na 2024. In ka ce ma mutumin Sabon Birni ko Isa ko Tangaza ya rabu da bindiga sai ya tambaye ka to wa zai tsare mai iyali da dare, kuma wallahi tambayar tana da nauyi. Ni dai ban ga alamar cika gari da bindigogi zai fisshe mu ba, amma ko mi mutum ya ɗauka a wagga magana, bindigogin nan suna cikin gidajenmu tun tuni, na mafarauta da na 'yan banga da na gado da waɗanda tsoro ya sa anka saya, kuma yara na kwana ɗaki guda da su.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga Amurka shi ne inda yaran ke samo bindigar. A Sandy Hook ta jihar Konetikat a watan Disamban 2012, saurayi ɗan shekara 20 bindigogin uwarsa ya ɗauka, ita ya fara kashewa a gida sannan ya tafi firamare ya kashe yara 20 da manya 6. A jihar Bajiniya a 2023 yaro ɗan shekara 6, shida fa, ya ɗauko ƙaramar bindigar uwarsa ya harbi malamarsa cikin aji. Hukumar da ke tsaron shugabannin Amurka ta yi nazarin hare-haren makarantu ta fitar da rahoto a 2019, ta ce mafi yawan ɗaliban da sunka yi amfani da bindiga daga gidan iyayensu ko na wani ɗan uwa na kusa sunka samo ta. To wannan ɓangaren ba sai an jira majalisa ko gwamna ba, aikin mai gida ne.

Fara da sanin matsayin abin da ke hannunka a doka. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take kuma ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda anka haramta, irin na yaƙi kamar AK-47 da masu sarrafa kansu har da ƙananan bindigogin hannu wato fistol, waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda anka kama da ɗaya ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Sai irin mai baki ɗaya da mai baki biyu na farauta, su lasisinsu na ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigar toka, harba-ka-ruga, wadda maganarta ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da sunka wuce. Ka lura babu gwamna a cikin masu ba da lasisin nan, shi ya sa a 2022 da gwamnan Zamfara na lokacin Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba ya da wannan hurumin. Kuma a 2023 Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka kada wani ɗan tsakani ya karɓi kuɗinka ya kawo ma takarda mai hatimi ya ce an gama, tashi da ƙafarka ka je hedikwatar 'yan sanda ka ji halin da ake ciki. In kana da tsohon lasisi duba wa'adinsa, ka kuma duba lambar da ke jikin takardar ta yi daidai da ta jikin bindigar. Lasisin naka ne kai kaɗai, bai rufe ƙanenka ko babban ɗanka ko mai gadinka ba.

To yanzu ajiya, nan ne aikin yake. Kowa ya san yadda muke yi, a naɗe ta cikin buhu ko tsohon zane a tura ƙarƙashin gado ko bayan katifa, ko a rataye ta jikin ƙusa bayan ƙyauren turaka, harsasai kuma cikin gwangwanin madara a saman wadurof, sai mai gida ya ce ai ba wanda ya san inda take. Malam yaranka sun sani. Yaron da ya san inda uwarsa ke ɓoye canjin cefane da inda kake aje rimot, shi ne bai san da doguwar aba cikin buhu ba? Ɓoyewa ba ta wadatar, kullewa ake yi. Ka kai ma mai walda awon bindigar ya haɗa ma akwatin ƙarfe mai kauri da wurin kwaɗo biyu, a kafe shi da bango ko da siminti yadda ba a ɗaga shi a fita da shi. Kwaɗo mai kyau za ka saya, ba irin wanda ake buɗewa da tsinken gashi ba. Makulli kuma jikinka zai zauna, aljihun ciki ko ɗaure da tazuge, kada ka haɗa shi da makullin babur ko na mota don wannan shi ne wanda kake miƙa ma yaro kullum ka ce je ka sayo mai.

Kada ka taɓa aje ta da harsashi a ciki. Mai baki biyu ka karya ta ka zare harsasan, ka ɗaga ta ga haske ka leƙa ta baya ka ga rana ta cikin kowane baki, sannan ka sa ta akwati. Harsasai wani wuri daban, kwaɗo daban, in da hali ɗaki ma daban. Na san abin da wani zai ce, to in ɓarayi sunka zo da tsakar dare fa, kafin in buɗe wannan in buɗe wancan? Gaskiya ne akwai jinkiri. Amma ka auna, dare nawa ɓarayi ke zuwa, kuma wuni nawa kake kasuwa ko gona ko ofis yara na shige da fice cikin ɗakin? In kana inda abin ya yi tsanani, to da dare bayan yara sun yi barci ka kulle ɗakinka ta ciki ka matso da ita kusa, da asuba kafin ka fita masallaci ta koma akwati ba harsashi, kullum, ko ka makara.

Bindigar toka ta fi wuyar sha'ani don ita ba a ganin cikinta, kuma maharbi kan dawo daga daji da ɗurinsa bai samu abin harbi ba sai ya jingine ta haka nan, bayan wata biyu shi kansa ya manta. In kana shakka, juya bakinta inda ba kowa, fuskarka nesa da bakin, ka zura sandar da kake ɗuri da ita har ta tsaya, ka riƙe daidai inda ta ƙare, ka zaro ka gwada ta waje a jikin bututun. In ba ta kai gindi ba akwai ɗuri. Mafi sauƙi ka sauke ɗurin tun a daji, ka harba cikin tudun ƙasa mai laushi inda ka tabbata ba mutum ba dabba a bayansa, kafin ka shigo gari. Albarushi kuma nesa da madafa da risho da maganin sauro na kunnawa, kuma kada a bar shi ƙarƙashin rufin kwano, ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu ba wasa ba ne.

Sai maganar yaran su kansu. Ƙanana abu uku za ka koya masu har su hardace: in kun ga bindiga ko harsashi kada ku taɓa, ku bar wurin, ku gaya ma babba. Ko a gidan kawu ne, ko a bola, ko a gona. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, yaro zai ce to Baba kuma gobe ya taɓa, akwati ne tsaronka na gaske. Manyan kuma ka faɗa masu hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya nuna ɗan uwansa da makami mala'iku na tsine mai har sai ya daina, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke, da wanda ya umurci mai wucewa da kibau cikin masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji ma wani. Ba wasa da ita, ba ɗaukar hoto da ita don TikTok, ba harbi sama ranar buki don abin da ya tafi sama zai dawo kan wani. Gwajin maganin bindiga kuwa, don Allah ku gaya ma samarinku da babbar murya, mutane nawa anka rufe saboda wani ya ba su laya ya ce a gwada? In ka ji ɗanka ya fara zancen an dafa shi, ranar nan makulli ya ƙara nisa da shi.

Ke ma uwar gida kina da haƙƙin tambaya. Tambayi maigidan ko akwai harsashi ciki, ina makullin, kuma in yaranki na yini gidan maƙwabta ko gidan kakanni inda kika san akwai mafarauci, ki tambaya cikin ladabi ko a kulle take. Kunya ba ta kai ran yaro ba.

Abin da ya faru a makarantar Oxford ta jihar Mishigan a ƙarshen Nuwamban 2021 ya kamata kowane uba ya ji shi. Uban ɗalibin da ya yi harbin ne ya sayi bindigar kwana 4 kafin abin, yaron shekararsa 15. Da safiyar ranar malama ta ga ya zana bindiga da jini a takardar aikinsa, anka kira iyayen makaranta, sunka zo sunka ƙi tafiya da shi gida, ba su ce ma kowa akwai sabuwar bindiga a gidan ba, ba wanda ya buɗe jakarsa, ashe tana ciki. Bayan 'yan sa'o'i ya kashe ɗalibai 4. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Don haka in malamin boko ko na islamiyya ya kira ka ya ce ɗanka na cewa sai ya ga bayan wane, ko kullum zancensa kisa, ko ya daina magana da kowa, ko ka ga alamun ƙwaya da shaye-shaye, kada ka hau malamin da faɗa kana cewa an tsani ɗanka. Buɗe jakar nan take, je gida ka ƙirga harsasanka, ka fitar da bindigar daga gidan gaba ɗaya ka kai ajiya wurin 'yan sanda a ba ka takarda har abin ya lafa, sannan ka zauna da yaron ka ji mi ke cinsa, in ta kama a kai shi asibiti a kai shi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware. Haka in kai da kanka ne zuciya ta yi ma baƙi, ko rigima ta yi zafi tsakaninka da iyali ko kan gona, fitar da ita. Ɗalibai kuma a nuna masu cewa wanda ya ji abokinsa na irin wagga magana ya faɗa ma malam ba munafuki ba ne, don sau da yawa masu irin wannan aika-aika sai sun furta ma wani kafin su yi.

Masu makarantu, in mai gadinku na da ta toka kada ta kwana jingine a ɗakin gadi yara na wucewa, kuma kada ku ɗauka ita ce za ta tare masu AK-47. Abin da zai fi amfani shi ne katanga, ƙofa guda da ake lura da ita, lambar DPO da ta sibil difens da ta mai unguwa a wayar malamai fiye da ɗaya, da lambar gaggawa ta 112, sannan yara su san ta inda za su fita da inda za su taru.

In bindiga ta ɓace ko anka sace ta, kai rahoto ranar, da lambarta, don duk abin da anka aikata da ita kai za a fara nema. In mai ita ya rasu, lasisi bai shiga rabon gado kamar gona, magada su kulle ta su sanar da 'yan sanda tun kafin a watse zaman makoki, kada a bar ta hannun babban ɗa haka kawai. Wanda kuma ke riƙe da wadda ba ta da takarda yana son rabuwa da ita, kada ya saɓo ta kan babur ya nufi caji ofis, shingen farko za a kama shi kuma ba mai sauraren bayaninsa. Ya fara samun lauya ko hakimi ko mai unguwa, su yi magana da DPO a sa rana, a zo a ɗauka ko a raka shi, a rubuta lambarta da yawan harsasan a gabansa, ya karɓi takardar shaida mai sa hannu ya yi mata hoto a waya.