Girka SQL Server a kanti, sito ko farmasi: lasisi, saiti da ajiya

Aikin da aka fi kira na a kansa a nan Maradi kusan iri ɗaya ne. Alhaji yana da sito ko babban kanti a wajajen babbar kasuwa, ya sayi manhajar lissafin haja, mai manhajar ya ce ba za ta tashi ba sai an girka SQL Server, wato manhajar Microsoft mai riƙe rumbun bayanai, wadda ake ce wa saba. Kwamfutocin ba su wuce uku ko huɗu ba: ta mai karɓar kuɗi, ta magajin sito, ta mai lissafi, kuma duka rumbun bayanai guda za su riƙa karantawa. Ga yadda nake bi da irin wannan aiki.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka warware zancen lasisi. SQL Server iri-iri ne: Express, Developer, Standard da Enterprise. Express kyauta ne, kuma Microsoft ya yarda a yi kasuwanci da shi. A fitowar 2019 da ta 2022, iyakarsa ita ce kowane rumbu kada ya wuce gigabait 10, ba ya amfani da ƙwayoyin sarrafawa (sassan na'urar da ke gudanar da lissafin kwamfuta) fiye da 4, kuma abin da yake riƙewa na bayanai a ƙwaƙwalwa bai wuce megabait 1,410 ba. Developer shi ma kyauta ne, yana da duk abin da Enterprise ke da shi, amma na koyo da gwaji ne kawai. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke son ƙwarewa, wannan ne nasa. Ranar da aka rubuta rasit na gaske a kansa, an karya sharaɗin. Akwai kuma na ɗanɗano mai kwana 180, wanda shi ya fi jefa mutane a wahala: ana cikin ciniki wa'adi ya cika, a kunna kwamfuta da safe sabar ta ƙi tashi.

Standard da Enterprise na kuɗi ne. Standard ana sayensa ta hanya biyu. Ko ka biya lasisin saba ɗaya sannan ka biya wa kowane mutum ko kowace na'ura da za ta shiga, ko ka biya bisa yawan ƙwayoyin sarrafawa, waɗanda ake sayarwa bibbiyu, mafi ƙaranci 4. A farashin da Microsoft ya sa wa fitowar 2022, ƙwaya biyu na Standard dalar Amurka 3,945 ne, ka ga huɗu sun haura miliyan huɗu na sefa. Ma'aikata biyar ko goma, hanyar farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi kuwa Enterprise da ake yawo da shi a kile, na ce wa abokan aiki su bar shi. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, ba ka da takardar nunawa in masu bincike sun zo, kuma kantin da ke sayar da shinkafa da mai ba abin da zai yi da ƙarfinsa. A ganina yawancin shagunanmu Express ya ishe su shekaru, in dai ba a zuba hotuna da takardun da aka ɗauka cikin rumbun ba. Su ne ke cinye wuri, rubutu da lambobi ba su da nauyi.

Kwamfutar da za ta zama saba ba sai mai tsada ba. Faifan SSD, ƙwaƙwalwa gigabait 8, ondilar mai batir mai rai. A ɗaga ta daga ƙasa saboda ƙurar hunturu, a ba ta iska lokacin bazara, kuma kada yaran shago su riƙa kallon bidiyo a kanta. Ɗaukewar kuran ana tsakiyar rubutu na iya lalata fayil, shi ya sa ba na fara aiki sai na ga ondilar da idona.

Wajen girkawa, tunda Windows ɗinmu yawanci da Faransanci yake, zaɓi Personnalisé, kada ka bi gajeriyar hanya. Abu biyu za ka tsaya a kansu. Na farko hanyar shiga: zaɓi ta gauraye, wadda ke karɓar asusun Windows da na SQL, ka ba babban asusun SQL mai suna "sa" kalmar sirri doguwa, ka rubuta ta a takarda ka damƙa wa mai kanti shi kaɗai. Na biyu tsarin jera haruffa. A Windows na Faransanci French_CI_AS yake fitowa da kansa, amma tambayi mai manhajar wanda yake so tun yanzu, don canza shi bayan an zuba bayanai aiki ne mai cin rai. In kai ne kake tsara teburan da kanka, ka sa sunayen mutane da na garuruwa a nvarchar. A varchar na yau da kullum, haruffanmu masu lanƙwasa ba su da gurbi, sai ka ga Ɗan Issa ko Ƙaura sun fito da alamar tambaya ko wani harafi daban, mai lissafi ya nemi mai bashi ya rasa. SSMS, wato manhajar da za ka riƙa kula da sabar, daban ake sauke ta.

Da ka gama, sauran kwamfutocin ba za su ga sabar ba tukuna, domin Express yana zuwa da TCP/IP, hanyar da kwamfutoci ke magana da juna, a rufe. Buɗe SQL Server Configuration Manager, kunna TCP/IP, gangara zuwa IPAll, share lambar ƙofa mai canzawa, rubuta 1433, sake tada sabis ɗin SQL Server. Sannan ka buɗe wannan ƙofar a katangar tsaron Windows, ka ba kwamfutar adireshin IP wanda ba ya sauyawa. Alhaji zai ce, “Malam, ina son in riƙa ganin ciniki ko ina Kano ko Kwatano.” Amsar ita ce VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta shiga kwamfutocin shago daga nesa. Kada ka buɗe 1433 ga intanet, ɓarayin yanar gizo dare da rana suke laluben wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirrin asusun "sa".

Manhajar kanti a yi mata asusunta, mai iko a rumbunta kaɗai. Mai duba rahoto a ba shi db_datareader, ya karanta ba ya gogewa.

Yanzu ga inda aikin yake, wato kwafin ajiya. Kwafe fayilolin rumbun, wato mdf na bayanai da ldf na kundin canje-canje, zuwa kile alhali sabar na aiki ba ajiya ba ce, Windows ma yawanci ba zai bari ba. Express ba shi da SQL Server Agent mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, don haka Planificateur de tâches na Windows za ka sa ya riƙa kiran wannan umarni:

sqlcmd -S .\SQLEXPRESS -E -Q "BACKUP DATABASE Kanti TO DISK='D:\Ajiya\Litinin.bak' WITH INIT, CHECKSUM"

INIT yana goge abin da ke cikin fayil ɗin ya rubuta sabo, shi ya sa nake ba kowace rana sunanta, Litinin zuwa Lahadi. In ɓarna ta shiga ranar Laraba ba a lura ba sai Juma'a, ta Talata tana nan. Ka tabbata asusun da sabis ɗin ke gudana da shi yana da izinin rubutu a wannan jakar, in ba haka ba umarnin zai gaza shiru ba wanda ya sani. Ina sa shi sau biyu a yini, lokacin da aka fita sallar azahar da kuma kafin a rufe shago, don in an yi asara ta tsaya a rabin yini.

Kwafin da ke cikin kwamfuta ɗaya da rumbun, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su duka, kuma mu ƴan kasuwa mun san abin da gobara ke yi. A samu faifan waje guda biyu ana musanya su, ɗaya ya kwana a gidan Alhaji. Kada a bar shi a maƙale, ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman fansa har shi take haɗawa. Sannan duk wata ka ɗauki kwafi ɗaya ka mayar da shi a wata kwamfuta, ka buɗe manhajar, ka duba cinikin jiya yana nan. Wannan gwajin ne kawai ke nuna cewa ajiyar tana da amfani. Ka lura kuma, kwafin da aka ɗauka a 2022 ba ya komawa cikin 2019, na tsohuwa ne ke shiga sabuwa.

Duba tsarin farfaɗowar rumbun ma. In yana kan Full kuma ba a ajiye kundin canje-canje, fayil ɗin ldf zai yi ta kumbura har faifai ya cika, ciniki ya tsaya. Ƙaramin kanti Simple ya fi masa. Sau ɗaya a mako a gudanar da DBCC CHECKDB, zai faɗa maka in wani shafi ya lalace tun kwafin kirki bai goge ba.

Tsofaffin fitowa kuma a rabu da su: ta 2012 Microsoft ya daina yi mata gyaran tsaro a Yulin 2022, ta 2014 a Yulin 2024. In rumbun ya kai gigabait 8, fara zancen kuɗin Standard da Alhaji tun da wuri. Ana ɗaga Express zuwa Standard daga cikin manhajar girkawa, a sashen Maintenance, ba tare da an sake zuba bayanai ba. In kuwa manhajar taku ce kuke rubutawa, PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, kyauta ne kuma ba shi da wannan iyaka ta gigabait 10, sai dai manhajar da aka gina don SQL Server ba za ta hau kansa haka nan ba.