Darasi na 7: Idan Hon Ɗin Mota Ya Yi Shiru

Ka fito da mota da sassafe, yaro ya gifto a guje daga bakin lungu, ka danna hon, shiru. Duk direban da hakan ta taɓa faruwa da shi ya san irin faɗuwar gaban da ake yi. Wasu hon suke ce masa, wasu oda. Ko da wane suna ka san shi, shi ne bakin mota, kuma bai kamata a hau titi da motar da ba ta da baki ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke garzayawa kasuwa su sayo sabon hon tun ba su duba komai ba. A ɗaura sabon, a danna, shi ma shiru. Kuɗi sun tafi, matsala tana nan. Sau da yawa hon ɗin lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi.

To, ta ina wutar take bi? Tana tashi daga batir mai bolt 12, ta ratsa fis (ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa), ta shiga rile (makunnin da wuta ke sarrafawa), sannan ta isa hon. Daga nan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Wurin da kake dannawa a sitiyari umarni kawai yake ba rile cewa ya buɗe wa wuta hanya. Idan hanyar nan ta yanke a wuri ɗaya, hon ba zai yi ƙara ba.

Fara da fis, don shi ne mafi araha. Akwatin fis yakan kasance a cikin bonet kusa da batir, wata motar kuma tana da na biyu a ƙasan sitiyari, daidai gwiwar direba. Juya murfin akwatin, za ka ga zane. Nemi inda aka rubuta HORN, ko inda aka zana ɗan ƙaho. Zaro fis ɗin ka ɗaga shi sama wajen haske. A cikinsa akwai siririn ƙarfe. Idan ya tsinke ko ya yi baƙi, fis ya ƙone. Launinsa yana gaya maka ƙarfinsa a ma'aunin amp: ja 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. Wanda ka cire, irinsa za ka mayar.

Ina roƙonka, kada ka naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadin fis. Fis yana ƙonewa ne don ya ceci wayoyin mota. Idan ka toshe gurbinsa da waya, zafin da zai ƙone shi sai ya koma kan wayoyin, kuma ta haka mota ke kamawa da wuta. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta feƙe tana taɓa ƙarfe. Sai an nemo ta.

Idan fis lafiya yake, sai ka yi aiki da kunnenka. Wannan shi ne zuciyar darasin. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, domin wasu motocin sai da haka hon ɗinsu ke aiki. Rile ɗan akwati ne baƙi ko mai ruwan toka, bai wuce kwalin ashana ba, yawanci a akwati ɗaya yake da fis. Ɗora yatsanka a kansa, ka sa wani ya danna hon. Za ka ji ɗan "ƙas" a kunne da kuma a yatsa, ko kuma ba za ka ji komai ba.

In ka ji ƙas, saƙon sitiyari ya iso. Matsalar tana gaba: ko cikin rilen ya cinye, ko waya, ko hon ɗin kansa. In ba ka ji ba, ko rilen ya mutu, ko saƙon ne bai taso daga sitiyari ba. Ka ga da yatsa ɗaya ka raba aikin gida biyu. Gwada rile ba wuya: nemi wani mai lamba da ƙafafu iri ɗaya a akwatin, ka musanya su na ɗan lokaci. Idan hon ya yi ƙara, ka gano ɓarawon. Wasu tsofaffin motoci ba su da rile sam, sai ka wuce gaba.

Yanzu je wurin hon. Yana gaban mota, bayan raga, kusa da lagireto ko bayan bamba. Wuri ne da ke shan ruwan damina da ƙurar hunturu da feshin masu wankin mota, shi ya sa tsatsa ke cinsa. Zare soket ɗinsa ka duba. Sau da yawa za ka tarar bakin ya yi kore ko fari kamar an barbaɗa gishiri. Goge shi da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Kwance notin da ya riƙe hon, ka goge wurin shi ma, domin hon mai waya ɗaya ta nan wutarsa ke komawa. Ɗaure da kyau, ka gwada.

Har yanzu shiru? Cire hon ɗin, ka jona shi kai tsaye da batir da wayoyi biyu, taɓawa ɗaya kawai, ka kawar da kunnenka. In ya yi ƙara, hon lafiya yake: ko wayar da ke kawo masa wuta ce ta yanke, ko matsalar tana sitiyari. In bai yi ba, yanzu ne lokacin sayen sabo. Motoci da yawa hon biyu gare su, mai siririyar murya da mai kauri. Idan ƙarar ta shaƙe kamar mai mura, wataƙila ɗaya ne ya mutu.

Saura sitiyari. A bayansa akwai wata waya mai faɗi kamar zirin kaset, a nannaɗe, wadda ke bin juyawar sitiyari. Idan hon ba ya ƙara sai in ka juya sitiyari gefe, ko fitilar jakar iska (jakar da ke kumbura ta kare direba lokacin haɗari) ta tsaya a kunne a dashbod, ita ake zargi. Nan ka dakata. Jakar iska na iya fashewa a fuskar wanda bai san aikin ba. Kada ka taɓa soket masu ruwan ɗorawa da ke wurin. Kai wa mai rewaya, ka ce masa: "Malam, na duba fis, na musanya rile, hon ma ya yi ƙara a batir." Zai san daga inda zai fara.

Aikin gida: buɗe akwatin fis na motarka ko ta maigidanka, ka nemo fis ɗin hon. Rubuta launinsa da lambar da ke kansa a littafinka, ka zo da shi aji.