Yadda za ki shirya bincike kan dashen ɓargo don gasar kimiyya

Ina koyar da ilimin halittu a wata lise (makarantar sakandare) a Marwa, Kamaru. Wata ɗalibata mai shekara 16 ta zaɓi dashen ɓargo saboda ƙanenta na fama da sikila. Ga yadda muka bi, ko zai amfane ki.

Da farko ki rage buri. Tambaya ɗaya ta isa: me ya sa ɓargon kowa ba ya dacewa da jikin kowa? Ƙwayoyin asali na cikin ɓargo su ke haifar da jini, amma jiki yana duba alamomin HLA (wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halitta da ake gada daga uba da uwa) kafin ya karɓi baƙo.

Sai nuni, nan alƙalai ke tsayawa. Mun tara marafan kwalba kala huɗu a matsayin alamomin HLA, biyu a jakar uba, biyu a jakar uwa, kowane ɗa ya ɗauki ɗaya daga kowace jaka. Ta ja sau 100 tana rubutawa, sai ga shi 'yan'uwa ciki ɗaya suna dacewa kusan sau ɗaya cikin huɗu. Ki ja da hannunki gaban alƙalai, ya fi kwalin bayani goma.

Tarihi kaɗan ya wadatar: likitan Faransa Georges Mathé ya yi dashe a Faris a 1958, likitan Amurka Donnall Thomas ya karɓi kyautar Nobel kan dashen ɓargo a 1990.

Kada ki ɓoye haɗarin, don sabon ɓargo kan juya ya yaƙi jikin da aka dasa shi. Kuma ki gwada jawabin da Hausa gaban kakarki kafin ki mayar da shi Faransanci. Inda ta ce "ban gane ba, 'yar nan", can za ki gyara.