Daga ACTP zuwa PCH: yadda za ku taimaki ɗan'uwanku mai nakasa a Faransa ya yi zaɓi da idonsa a buɗe

Gidaje da dama a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri da Njamena suna da wani Baffa ko Goggo da suka daɗe a Faransa, kuma a cikinsu akwai makafi da guragu da waɗanda shanyewar jiki ta zaunar. Idan irin wannan dattijo ya karɓi wasiƙa daga ofishin masu nakasa, sau da yawa hotonta yake ɗauka ya turo gida ta WhatsApp, domin ɗan da ya yi boko ya karanta masa. Wasiƙar da ta fi kowace haɗari a cikinsu ita ce wadda ke cewa ya zaɓa tsakanin tsohon alawus ɗinsa, ACTP, da sabon tallafin biyan buƙatun nakasa da ya maye gurbinsa, PCH. Haɗarin na cikin abu biyu. Wanda ya koma PCH ya koma ke nan, babu dawowa. Wanda kuma ya yi shiru har wata 2 suka wuce bayan an sanar da shi adadin kowanne, doka na ɗaukar shirunsa a matsayin ya zaɓi PCH.

ACTP ta samo asali daga dokar 30 ga Yuni 1975. Kuɗi ne da ake bai wa wanda nakasarsa ta kai kashi 80 cikin 100 kuma yake buƙatar wani ya taimake shi a harkokin yau da kullum. Ana lissafa shi ne a kan MTP, wato ƙarin kuɗin mai hidima da ake haɗawa da fanshon nakasa, wanda ya haura Yuro 1,200 a wata, mutum ya samu tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na wannan adadi gwargwadon buƙatarsa. Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta kawo PCH, kuma tun 1 ga Janairu 2006 aka rufe ƙofar ACTP ga sababbin masu nema. Waɗanda suke ciki tun kafin nan an bar su su riƙa sabuntawa. Saboda haka duk wanda ke karɓar ACTP yau ya yi kusan shekara 20 ko fiye yana karɓa, rayuwar gidansa kuma ta ginu a kanta.

Bambancin da ya kamata ku fara fahimta ba na yawan kuɗi ba ne, na irin kuɗin ne. ACTP dunƙulallen kuɗi ne da ke shiga asusu kowane wata. Gunduma tana da ikon bincika ko da gaske akwai mai taimaka wa mutumin, amma ba ta bin kowane Yuro da rasit. PCH kuwa kowane kaso an ɗaure shi da aikinsa: na mai hidima daban, na kayan aiki daban, na gyaran gida daban. Ana ajiye rasit na shekara 2, kuma abin da ba a kashe ta hanyar da aka ware shi ba, majalisar gunduma na iya cewa a mayar. Iyalin da suka saba ganin wani abu daga wurin Baffa lokacin azumi ko biyan kuɗin makaranta su san wannan tun yanzu: kuɗin PCH ba na aikowa gida ba ne, kuma matsa masa a kan haka jefa shi cikin bashin gwamnati ne.

Abin da PCH ke biya

Kashi biyar ne, amma na farko, wato taimakon ɗan'adam, shi ne wanda za a gwada da ACTP. Ana auna shi da minti. Wanka da tsabtar jiki har minti 70 a rana, sa tufafi da cirewa minti 40, cin abinci awa 1 da minti 45, kewayawa minti 50, zirga-zirga a cikin gida minti 35. Akwai kuma har awa 30 a wata don fita cikin jama'a, wanda rakiya zuwa masallacin Juma'a ko ziyarar 'yan'uwa ke iya shiga ciki. Wanda ke buƙatar taimako a kusan komai da sa ido dare da rana zai iya samun har awa 24. Tun 2021 dafa abinci da wanke kwanuka sun shiga lissafin cin abinci, amma shara da wanki da goge gida ba sa ciki. Mutane da yawa a nan suke shan mamaki, domin da kuɗin ACTP suke biyan mai yi musu aikin gida.

Sauran kason kuwa ACTP ba ta da su. Kayan taimako, irin su na'urar karanta rubutu ga makaho ko kujerar wanka, har Yuro 13,200 cikin shekara 10, wato kimanin sefa miliyan 8 da dubu 600. Gyaran gida har Yuro 10,000 cikin shekara 10: aikin da bai wuce Yuro 1,500 ba ana biyansa duka, abin da ya haura kuwa rabi ake biya. Gyaran mota da ƙarin kuɗin sufuri na da nasu kason. Akwai har Yuro 100 a wata don abubuwan da ake saye kullum kamar ƙunzugun manya, sannan kason kula da karen ja-gora.

Ta fuskar dukiya ma PCH ta fi sauƙi. ACTP na raguwa ko ta tsaya idan kuɗin shigar gida ya wuce iyaka. A PCH ba a lissafa albashin mutum ko na matarsa, ba a lissafa fansho. Abin da ake dubawa shi ne irin kuɗin haya ko ribar jari, kuma ko sun yi yawa ana biyan kashi 80 cikin 100 maimakon duka. AAH, alawus ɗin zaman rayuwa na manya masu nakasa, babu ruwansa da wannan zaɓi, yana nan yadda yake.

Yadda ake bi

A fara wata 6 kafin wa'adin ACTP ya ƙare. Ranar na rubuce a takardar hukuncin da aka ba shi a sabuntawar da ta gabata. A cike fom mai lamba Cerfa 15692, likita ya cike nasa mai lamba 15695, wanda bai kamata ya wuce shekara 1 da sa hannu ba. A haɗa da shaidar ko shi wane ne, da shaidar adireshi, da takardar izinin zama mai rai ga wanda ba ɗan ƙasa ba. A kai wa MDPH, wato ofishin masu nakasa, ta gundumar da yake zaune. A cikin fom ɗin a rubuta ƙarara cewa ana neman sabunta ACTP, ana kuma son a auna PCH domin a gwada su. Neman a auna ba zaɓi ba ne. Zaɓi na zuwa ne bayan an nuna masa adadin biyun.

Daga nan tawagar MDPH za ta auna shi, wani lokaci a gidansa. Sharaɗin shiga PCH shi ne ya kasa yin abu ɗaya kwata-kwata, ko ya sha wahala mai tsanani a abu biyu, daga jerin ayyuka irin su tafiya, wanka, sa kaya, gani, ji da magana, kuma matsalar ta zama mai ɗorewa aƙalla shekara 1. Ana auna abin da zai iya shi kaɗai, babu mai riƙe shi kuma babu na'ura.

A wannan zaman ne mutanenmu suka fi cutar kansu, kuma tarbiyya ce ke jawo hakan. An tambayi dattijo yadda yake wanka, sai ya ce "Alhamdu lillahi, ina lallaɓawa." Ma'aikaciyar ta rubuta cewa yana iyawa, minti 70 sun tafi. Gaskiyar kuwa matarsa ce ke ɗora shi a kujera, ta cuɗa masa baya da ƙafafu, ta ɗaura masa wando domin yatsunsa ba sa kama tazuge. Maganar bayan gida kuma kunya ba ta barin a ambata ta sam, ballantana a gaban baƙuwa. Ku gaya masa da ladabi, "Baffa, wannan ba raki ba ne, kuma ba butulci ga Allah ba ne, awo ake yi." Hanyar da ta fi aiki ita ce a ɗauki mako guda kafin zuwansu ana rubutawa a littafi: ƙarfe nawa ya tashi, wa ya taimake shi ya yi alwala, minti nawa wanka ya ci, sau nawa aka tashi da dare aka juya shi. A rubuta ranakun da jiki ya ƙi, ba ranakun sauƙi kaɗai ba. Idan Faransancinsa bai kai ya bayyana ciwo ba, a zaunar da mai fassara wanda ba zai ji nauyinsa ba. Ɗan cikinsa yakan tausasa magana don kara.

Bayan awo za a aiko masa da tsarin da aka tanada, yana da kwana 15 ya faɗi abin da bai yarda da shi ba kafin kwamitin MDPH da ake kira CDAPH ya yanke hukunci. Kada a bar kwanakin nan su wuce a banza. Gyara a wannan mataki ya fi sauƙi nesa da ɗaukaka ƙara.

Lissafin da za a yi kafin a amsa

Awannin PCH ba su da farashi ɗaya, ya danganta da wanda zai yi hidimar. Idan kamfanin hidima ne, kuɗin awa ya fi yawa amma wurin kamfanin zai tafi. Idan shi ya ɗauki ma'aikaci da kansa, ya zama mai gida a idon doka, dole ya yi rajistar ma'aikacin ya riƙa bayyana albashinsa, galibi ta tsarin Cesu. 'Yar ƙauyensu da ba ta da takardun zama, wadda ake ba wa kuɗi a hannu, ba za ta shiga wannan lissafi ba. Idan kuma mata ko ɗa ko ɗan'uwa ne ke hidimar, abin da ake biya galibi diyya ce ba albashi ba: rabin mafi ƙarancin albashin awa, ko kashi 75 cikin 100 idan ya rage ko ya bar aikinsa saboda jinyar, kuma akwai iyaka a wata.

A nan ne amsar ke fitowa. Wanda matarsa kaɗai ke kula da shi, awanninsa kuma kaɗan ne, yana karɓar ACTP a babban mataki, yakan tarar PCH ta gaza abin da yake samu. Wanda jikinsa ya ƙara lalacewa, matar ta tsufa, ana buƙatar ma'aikata awa 6 ko 8 a rana da gyaran banɗaki, ACTP ba za ta taɓa ɗaukar wannan nauyi ba, PCH ce tasa. Makaho ya fi kowa buƙatar natsuwa: a ACTP yana kan kashi 80 cikin 100 na MTP kai tsaye, a PCH kuma an yanka masa awa 50 a wata, kurma awa 30. Ya sa adadin biyun gefe da gefe, ya ƙara da kuɗin na'urorin da yake buƙata cikin shekaru masu zuwa, sannan ya yanke. A ganinmu, idan lissafin ya zo kusa da kusa kuma lafiyarsa a tsaye take, ya riƙe ACTP, domin ƙofar PCH a buɗe take gare shi ko bayan ya haura shekara 60, ita kuwa ta ACTP in ta rufe ta rufe. Wanda ke karɓar MTP tare da fanshon nakasa ya tuna ana cire ta daga kason taimakon ɗan'adam na PCH.

Duk abin da ya zaɓa, ya rubuta shi a wasiƙa mai rajista wadda ake sa hannun karɓa, ya ajiye kwafi da rasit ɗin gidan waya. Kiran waya ba hujja ba ne.

Zuwa gida

Wannan ya shafe ku kai tsaye. PCH ta wanda ke zaune a Faransa ce. Idan jimillar kwanakin da ya yi a waje ta wuce wata 3 a cikin shekara, daga Janairu zuwa Disamba, watannin da ya cika su a Faransa kawai za a biya shi. Hajji da bikin aurar da 'ya a Marwa da zaman makoki a Garwa, in aka haɗa su a shekara ɗaya, suna iya haura wannan iyaka ba a ankara ba, tambarin fasfo kuma ba ya ɓoyuwa. Haka nan kada a sa tafiya a lokacin da ake jiran wasiƙar zaɓi. Mutum na Njamena yana hutawa, wasiƙa na kwance a akwatin gidansa, wata 2 na tafiya. In tafiyar ta zama dole, a bar amintacce da mabuɗin akwatin.

Idan hukuncin bai yi daidai ba, yana da wata 2 ya rubuta wa MDPH ƙorafin farko da ake kira RAPO, wanda wajibi ne kafin a je kotu. A haɗa da sabuwar takardar likita da littafin awannin nan. Shirun MDPH na wata 4 bayan ta karɓi cikakkun takardun neman farko ana ɗaukarsa ƙi ne, shi ma ana iya yin ƙorafi a kansa. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta CCAS a ofishin magajin garinsa, da ƙungiyoyi irin su APF France handicap, suna taimakawa wajen rubuta waɗannan takardu. Kafin kuma a fasa bango ko a sa hannu da magini don gyaran banɗaki, a fara aika wa MDPH takardar ƙiyasin kuɗin aikin a jira amsarta, domin aikin da aka riga aka gama kafin a nemi tallafi da wuya a biya shi.