Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Ƙarin Jijiyoyin Jini a Ƙoƙon Kai

Himanjiyoma ƙari ne na jijiyoyin jini, ba sankara ba ne, kuma a hankali yake girma. A ƙoƙon kai ya fi fitowa a ƙashin goshi da na saman kai, galibi ga mata masu shekara 40 zuwa 50. Mara lafiya kan zo da kumburi mai tauri wanda sau da yawa ba ya ciwo.

Babban kuskure shi ne duba hoton CT (hoton cikin jiki da ake ɗauka yanka-yanka) da saitin kallon ƙwaƙwalwa kaɗai. A nan ƙashi fari fat yake fitowa, ba a ganin abin da ke cikinsa. A juya zuwa saitin ƙashi, a nemi yanka sirara. Sai a ga ƙarin zaune tsakanin ɓawon ƙashin na waje da na ciki, ya tura na waje ya kumbura, na ciki kuwa yawanci bai taɓu ba. Cikinsa kamar saƙar zuma, da zaruruwan ƙashi masu kauri da suka taso daga tsakiya suka bazu zuwa gefe.

Waɗannan zaruruwan su ke tsorata sababbin likitoci, su ce sankarar ƙashi ce. A duba inda suke. Na sankara suna tsirowa ne a bayan ɓawon da ya riga ya cinye, tare da tsoka da ta kumbura. Na himanjiyoma a cikin ƙashin suke, kuma iyakar ƙarin a fili take.

MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ma na ruɗarwa. A nau'o'in hotonsa da ake kira T1 da T2, ƙarin yana haske a T2, yana shan ruwan allurar hoto sosai, a T1 kuwa ya danganta da yawan kitsen da ke ciki. Shan ruwan kaɗai ba hujjar sankara ba ce. Amfanin MRI shi ne nuna ko ƙarin ya danna rigar ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma masu gaggawar soka allura don ɗebo naman gwaji. Sau da yawa jini kawai ake samu, ga haɗarin zubarsa. In hoton ya nuna kamanninsa sarai, ba a bukata.

Amma fa kada a sake da yawa. In hoton ya nuna ramuka da yawa a ƙashin, babu zaruruwa, ko mara lafiyar ya taɓa yin sankarar nono ko ta huhu, a binciki yaɗuwar sankara da ciwon mayeloma (sankarar ɓargo) kafin a rubuta sakamako.