Idan za ku Basalona, ku ci babban abincinku da rana

Jama'a, duk mai shirin zuwa Basalona ko wani gari na yankin Kataloniya a ƙasar Sifaniya, ga shawara: ku nemi allon da aka rubuta "menú del dia" a ƙofar gidan abinci, tsakanin ƙarfe 1 da 4 na rana.

Kuɗi ɗaya za ku biya, a ba ku kwano biyu, da burodi, da abin sha, da kayan zaƙi. A unguwanni irin su Gràcia da Sants sau da yawa bai kai Yuro 20 ba.

Ma'aikatan unguwa ake dafa wa, shi ya sa yake da araha, kuma girkin 'yan gari ne na gaske.

In kun ga escalivada, kada ku wuce ta. Gasasshen yalo ne da jan tattasai da albasa, an zuba musu man zaitun. Ni dai ita na fi so. Akwai fideuà, taliya da ake dafawa da romon kifi da jatan lande. Ku rufe da crema catalana, mai ƙonannen sukari a sama.

Amma a kula. Botifarra naman alade ne, escudella ma, wato wani romon nama da kayan lambu, ana saka shi a ciki. Abin shan da ke cikin kuɗin kan haɗa da giya, sai ku ce ruwa kuke so. Ku kuma tambaya ko an zuba giya a miya.

Da dare galibi babu wannan tsarin. Asabar da Lahadi kuma ko dai babu, ko farashin ya hau. A titin La Rambla kuwa, kuɗin baƙi za a caje ku.