Yadda ake haɗa janareta da wutar gida ba tare da haɗari ba

Da bazara a Damagaram, wuta na ɗaukewa sai kowa ya nufi janareta, wanda muka fi sani da gurup. Ga yadda ake haɗa shi.

Da farko ka sayi makunnin canji mai matsayi uku: wutar kamfanin NIGELEC, kashe, janareta. Ya zama yana yanke waya biyu, mai wuta da ta komawa. Kada ka yarda a soka wayar janareta a firizar bango, wato soket ɗin da ake soka kayan wuta. Wutar za ta bi layi ta fita waje, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, ta kashe ma'aikacin da ke kan fal yana gyara. In kuma an dawo da wuta, injin ya ƙone.

Sai ka kira ƙwararren mai gyaran wuta, ya kashe babban makunni, ya gwada ya tabbatar babu wuta, sannan ya ɗaura na canjin tsakanin mita da akwatin rarraba wuta. Janareta mai ƙarfin kVA 3 a kan bolt 220 yana ba da wajen amfiya 13, wayar tagulla mai kaurin 2.5 mm² ta ishe shi. A kafa ƙarfen ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake binnewa don ta kai wutar da ta kauce cikin ƙasa, a haɗa da jikin injin. Ƙasarmu busasshiya ce, a zurfafa.

Injin ya zauna a tsakar gida, nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Wajen tayarwa, kashe kayan wuta duka, tada injin, ba shi minti biyu, juya makunni, ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Fetur kuwa sai injin ya huce ake zubawa.